Kuala Lumpur a ƙafa: amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce za ka je Kuala Lumpur, babban birnin Malaysia, bikin kammala karatun ƙaninka, kwana uku gare ka, shin garin yana zaguwa a ƙafa ko sai da shatar mota. Na yi shekara biyu ina karatu a can. Tsohon gari dai a ƙafa ake jin daɗinsa, amma sai ka yi sammako.

Kada ka ce ai ka saba da zafin Kano. Namu busasshe ne, nasu kuwa gumi ne da ba ya bushewa ko ka shiga inuwa. Na taɓa fita da shadda mai sitaci da hantsi, kafin azahar ta manne mini a baya sharkaf. Ka nemi yadi mara nauyi da takalmin da ƙafarka ta saba da shi.

Ka sauka tashar jirgin ƙasa ta Masjid Jamek wajen ƙarfe takwas. Masallacin, wanda aka buɗe a 1909, yana daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, kuma daga nan garin ya samo sunansa, wato mahaɗar ruwa mai laka. Taku kaɗan sai ga ka a Dataran Merdeka, filin da aka ɗaga tutar 'yancinsu a 1957, ginin Sultan Abdul Samad mai hasumiyar agogo yana fuskantarsa. Daga nan ka gangara kasuwar Pasar Seni don tsaraba, ka leƙa titin Petaling. A Petaling a yi ciniki sosai, sannan ba kowane abinci ne halal ba. In yunwa ta taso, gara ka koma layin Masjid India ka ci nasi kandar, wato shinkafa da miyar kori, ka kora da teh tarik, shayin madarar da ake ɗagawa sama ana zubowa har ya yi kumfa.

Wurin da nake roƙonka kada ya wuce ka shi ne gidan adana kayan tarihin Musulunci da ke kusa da Masjid Negara, babban masallacin ƙasar. Akwai Alƙur'anai rubutun hannu da samfurin Harami, na daɗe tsaye a gabansu na kasa tafiya. Sai dai hanyar manyan tituna ce, ka kira Grab, wato motar haya da ake nema ta waya.

Tagwayen benayen Petronas ma ba na ƙafa ba ne, tasha uku ce a jirgi daga Masjid Jamek zuwa tashar KLCC, inda suke. Daga can akwai gadar masu tafiya mai rufi da sanyin AC har Bukit Bintang, unguwar manyan kantuna.

Ruwan sama yakan kece da yamma ba sallama, laima ta zauna a jakarka. Kuma su ta hagu suke tuƙi, don haka dama za ka fara dubawa kafin ka tsallaka titi. Jakar ma ka riƙe ta a gefen da ba na titi ba saboda masu fizge a babur. Allah ya kai ka lafiya, ya sanya albarka a karatun yaron.