Muryar Alhaji kan tafiya ƙauye a tsaunin Mambila

(An rubuta wannan daga muryar da Alhaji ya turo zaurenmu na 'yan kasuwar Mile 12 da ke Legas, saboda waɗanda ba su samu sun saurara ba.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'ar zaure barkanmu da dare, ya kasuwa, ya gajiya. Yanzu na idar da isha'i na ga saƙon ƙanenmu na Agege, wanda ya ce abokin aikinsa ya gayyace shi ƙauyensu a kan tsaunin Mambila, can jihar Taraba. Yana tambaya ko akwai wanda ya taɓa zuwa, kuma ko tafiyar ta kai a kashe mata kuɗin mota, tunda an ce masa ɗan ƙaramin ƙauye ne, ba wuta, ba komai sai gonaki da shanu. Na ga har wasu sun ce masa me zai je yi a daji. To ni na je, kwanana tara a can, shi ya sa na ce bari in yi magana da baki.

Ƙanena, ka je. In dai ka samu hutu kuma aljihunka zai ɗauka, ka je. Amma ka saurare ni zuwa ƙarshe, don akwai yadda ake zuwa irin wurin nan.

Ni yaron shagona ne sanadi. Shekara shida muna tare, sai aurensa ya tashi, mahaifinsa ya aiko cewa lallai in zo ɗaurin aure. Ƙauyen nasu yana tsakanin Nguroje da Gembu, sai an bar kwalta an hau mashin kafin a kai. Gidajen ba su fi a tsaya a kan tudu a ƙirga su ba.

Maganar hanya, ba zan ɓoye maka ba, akwai nisa. Daga Legas zuwa Jalingo kaɗai sai da muka kwana a hanya. Daga Jalingo kuma ka bi Bali, ka bi Serti, ka zo Mayo Selbe, nan ne gindin dutsen. Mun bar Jalingo bayan asuba, la'asar ta same mu a Nguroje. Kada ka yarda ka hau dutsen nan da dare, ko direba ya ce maka ya san hanya kamar tafin hannunsa. In magariba ta kusa kuna ƙasa, ku kwana a Serti. Hanyar naɗewa take kamar rawani, gefe guda dutse, gefe guda kwazazzabo, in ka leƙa sai ka ga itatuwa sun zama kamar ciyawa. Kunnuwanka za su toshe. A Serti gumi nake yi, kafin mu kai Maisamari na ciro rigar sanyi daga jaka. Tsayin wurin ya kai wajen mita 1,600 daga teku, mu kuma nan Legas a bakin tekun muke zaune, ka ga jiki dole ya ji bambanci. Dutse mafi tsayi a Najeriya ma, Chappal Waddi, mita 2,419, a yankin nan yake, cikin gandun dajin Gashaka Gumti, kan iyakar Kamaru.

Da kun gama hawa sai ƙasa ta buɗe. Tudu bayan tudu, ciyawa shar, ba ƙaya, ba geza, sai layin itacen turare da shanu a warwatse. Ni ɗan Arewa ne, da shanu na tashi, amma ƙibar shanun can ta sa na yi shiru. Dattijon da ya sauke ni ya ce sanyin wurin ne ya hana ƙudan tsando zama, ga ciyawa kusan duk shekara, shi ya sa Fulani suka kafa a can.

Bari wannan tirelar ta wuce... Yawwa. Kun ji ƙarar nan ko? To ita ce maganar da nake son in yi.

Daren farko ban yi barci ba. Ba ciwo, ba sauro, shimfiɗa mai kyau, bargo biyu. Shirun ne ya hana ni. Shekara ashirin da wani abu kunnena ya saba da janareta, da hon ɗin danfo, da kwandasta yana kiran Ojota, Ketu, da masu sauke kwandunan tumatir tun ƙarfe uku na dare. A can da aka kashe fitila sai na ji kamar an zare wani abu daga cikin kaina. Ina jin numfashina. Ina jin ruwan rafi can ƙasan kwari, wanda da rana ban ma lura da shi ba. Na tashi na zauna, na yi ta lazimi har zakara ya yi cara. Dare na biyu ma kusan haka. Sai a na uku na yi wani irin barci, wallahi rabona da shi tun ina yaro a ɗakin kakata. Shi ya sa nake ce maka kada ka je don kwana biyu. In ka yi kwana biyu ka juyo, gajiyar mota kawai za ka kwaso, ka zo zaure ka ce ba komai a can. Ka ba shi mako guda ko fiye.

Asuba kuwa, ruwan alwala kamar an ciro shi daga firji. Matan gidan sukan ɗora mini ruwa a murhu, Allah ya saka musu. In an fito masallaci hazo ya rufe ko'ina, kana jin muryar mutum yana gaishe ka ba ka ganin fuskarsa sai ya zo daf. Sai a koma madafa a kewaye wuta. Saman wutar nan akwai rufi da suke jibge masara, hayaƙi yana busar da ita yana korar ƙwari. A kawo shayi da madarar da aka tatso a safiyar, a kawo dafaffiyar gwaza. Shayin ma na ƙasarsu ne, a Kakara ake nomansa, can masana'antar shayin Highland take. In ka samu dama ka je ka ga gonar, kamar an shimfiɗa koriyar darduma a kan tudu. Da rana tuwon masara da miyar kumbi, wani ganye ne mai ɗan ɗaci-ɗaci. Ka ci, kada ka tsaya neman shinkafa.

Amma ƙanena, kada shirun nan ya ruɗe ka ka ɗauka mutanen hutu suke yi. Da hantsi ƙauyen wayam yake, sai tsofaffi da kaji, don kowa ya gangara gona. Gonakin a kwari suke da gefen tudu, saman kuma na kiwo ne. Na bi su rana ɗaya. Gangarawa ba wuya. Dawowa ne, mata da kwanduna a baya cike da masara da ayaba, ga goyo, suna hawa suna hira, ni kuwa sai da na tsaya sau huɗu ina neman numfashi. Tun ranar na daina cewa sun ji daɗi ba su da wahala. Kada ka faɗi wannan kalmar a gabansu, ba za su ce maka komai ba, amma za ta yi musu ciwo.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne piya. Ku 'yan kasuwa ne, za ku gane. Na ga bishiyar piya a bayan gida, 'ya'yan suna faɗowa ƙasa suna ruɓewa, manya-manya, irin waɗanda in suka shigo Mile 12 kafin azahar an wawashe su. Na tambayi dattijon me ya sa ba ku kaiwa kasuwa. Ya ce Alhaji, kafin a ɗauko a kai bakin kwalta da mashin, a jira mota, a sauka dutse, kuɗin ɗauka ya cinye kuɗin kaya, rabin kuma ya nuna ya lalace. Na zauna na buga lissafin da kaina, don sana'ata ce kayan gwari, na ga gaskiya ya faɗa. Ga ƙasa mai albarka, ga ruwa, ga mutane masu ƙwazo, hanya ce kawai ta tsare su. Haka ayaba, haka dankalin turawa. Yaran ƙauyen da yawa abin da ya koro su Jalingo da Abuja da nan Legas ke nan. Yarona ma da hanyar nan tana da kyau ƙila da ban taɓa saninsa ba. Muna nan muna kukan tsadar kaya, su suna can suna kallon nasu yana ruɓewa. Abin yana damuna ƙwarai.

To ga abin da za ka yi. Ka je da rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sanyin dare ya fi tsanani a lokacin, amma hanya a bushe take. Daminarsu doguwa ce, jar ƙasar nan kuma in ta sha ruwa santsi take kamar an zuba karkashi, mashin ba ya hawa. Ka ɗauki rigar sanyi mai kauri, da hula, da safa, da takalmi rufaffe. Ka riƙe tsabar kuɗi, don ƙauyen da na je ba mai POS, waya ma sai na hau wani tudu kafin ta kama. Ka gaya wa iyalinka tun daga nan cewa za su riƙa jinka jefi-jefi, kada hankalinsu ya tashi. Katin shaidarka kada ya bar aljihunka, yankin iyaka ne, akwai shingaye a hanya. Ka san ma wurin a da ba cikin Najeriya yake ba, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo, sunan ƙaramar hukumar ma Sardauna.

Tsaraba ba sai ka wahalar da kanka ba. Sukari, sabulu, turmin atamfa ga uwar abokinka, fitila mai caji da rana ga mahaifinsa. Fitilar nan da na kai ta fi komai faranta wa dattijon rai. Kana sauka ka ce a kai ka ka gaida Jauro, shi ne mai gari, kada ka kwana ba ka je ba. Za ka samu masu jin Hausa, amma Fulatanci ne ya fi yawo tsakanin ƙabilun Mambila da Kaka da Fulani da sauransu. In an ce maka jabbama, maraba ake yi maka, ka ce useko, wato na gode. Wannan kaɗai sai ka ga fuska ta sake. Kada ka ɗaga waya ka hau ɗaukar matan mutane da 'ya'yansu hoto ba ka tambaya ba.

Sai abu ɗaya, ka riƙe shi da kyau. Maganar fili tsakanin manoma da makiyaya a can tsohon miki ne, a 2017 an yi rikici an rasa rayuka. Za ka ga wayar shinge ta kewaye tudu, ƙila wani ya fara ba ka labari ta ɓangarensa. Ka saurara, ka yi addu'ar zaman lafiya, ka ja bakinka. Kai baƙo ne, kwana nawa za ka yi ka tafi, su ne za su ci gaba da zama da juna. Kuma kafin ka tashi ka sa abokinka ya kira gida ya ji lafiyar hanya a makon.

Ranar da zan taho dattijon nan ya rako ni har bakin kwalta da ƙafa, ya cika mini buhu da piya da ganyen shayi, ya ƙi karɓar ko kwabo. Piyar ba ta kai Legas ba, a Jalingo na rabar, don ta fara nuna.

In ka sa rana ka biyo ta shago kafin ka tafi, zan ba ka rigar sanyina, tana nan a ajiye, nan ba ta da aiki. Akwai kuma ɗan saƙo da nake so ka miƙa wa dattijon ta hannun wani a Nguroje, yarona zai yi maka kwatance. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Jama'a ku yi haƙuri na cika ku da surutu, sai da safe.