Amsa ga Hajiya kan tallafin kantin gama-kai

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kin ga sanarwa a ƙofar kantin gama-kai na unguwarku cewa suna ba ƙananan ƙungiyoyi tallafi, kina tambaya ko ƙungiyarku ta mata masu dafa abinci suna raba wa mabuƙata ranar Asabar za ta iya nema, kuma ko bashi ne. Ba bashi ba ne. Kyauta ce, ba ruwa a kai, ba a mayarwa. Abin da za su nema daga baya shi ne bayanin yadda aka kashe.

Mu a nan birnin Miniyapolis na Amurka sau biyu muka nema, sai a na biyu muka dace. Ki fara da sanin inda kuɗin yake fitowa. Irin wannan kanti ba na attajiri ɗaya ba ne, mallakin masu sayayya ne da suka sayi hannun jari, kuma kula da al'umma na cikin ƙa'idoji 7 da ƙungiyoyin gama-kai na duniya suka amince da su a 1995. Kantin Seward na nan garinmu da aka kafa a 1972 yana da tsarin da ake kira SEED: idan kayanki sun kama dala 23 da santi 40, mai karɓar kuɗi zai tambaye ki ko a cika su zama 24. Santi 60 ɗin nan ake tarawa, kowane wata da ƙungiyar da ake ba. Kantin Wedge, wanda aka kafa a 1974, ya yi suna a baya da tsarin WedgeShare, inda mambobi suka riƙa zaɓar masu samu da ƙuri'a. Wato canjin maƙwabtanki ne za ki karɓa, kuma mutanen unguwa ne za su karanta takardarki.

Nan muka yi kuskure da farko. Mun cika takardar da manyan kalmomi, wai za mu kawar da yunwa mu ɗaga darajar mata, ba mu faɗi abu ɗaya da za a iya taɓawa da hannu ba. Ba mu samu ba, kuma ya yi mana ciwo, don mun kwana biyu a kan rubutun. Da shekara ta zagayo sai muka rubuta gaskiyar halin da muke ciki: firiza ɗinmu ya mutu, kajin da aka ba mu sadaka muna rarraba su gidajen mambobi, ranar Juma'a da dare mu bi gida-gida cikin ƙanƙara muna tattarowa. Muka sa farashin sabon firiza, da na robobin zuba abinci, da yawan kwanukan da muke fitarwa duk mako. Shafi ɗaya da rabi, shi ke nan.

Sai batun takardu, wanda shi ne yake kayar da yawancinmu. Galibi kantunan suna son ƙungiya mai rajistar 501(c)(3), wato rajistar ƙungiyar agaji da ba ta neman riba, daga hukumar haraji ta Amurka, IRS. Idan kuɗin da ke shigo muku bai wuce dala 50,000 a shekara ba, akwai gajeren fom mai suna 1023-EZ, kuɗinsa dala 275. In lokaci ya ƙure, ku nemi wata ƙungiya mai rajista ta goya ku: ita za ta karɓi kuɗin a madadinku, ta cire kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na ɗawainiya. Haka muka yi. Don Allah kada a sa asusun bankin mutum ɗaya, ko da shugaba ce. Na ga zumunci ya lalace a kan haka.

Tunda a ɗakin girkin masallaci kuke aiki, ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa abincin na kowa ne, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, domin da yawansu ba sa ba da kuɗi don wa'azi.

Kafin ki cika komai, ki shiga kantin da ƙafarki, ki nemi mai kula da hulɗa da jama'a, ki tambaye shi ranar rufewa da mafi yawan abin da suke bayarwa. Yawanci sau ɗaya ake buɗewa a shekara. In kin rubuta, turo mini ta akwatin saƙo in duba miki kafin ki miƙa. Allah Ya sa a dace.