Hankakin da ke zanen Van Gogh, mutuwa suke nufi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hankakin da ke zanen gonar alkama na Van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holland, alamar mutuwa ce, tunda ya zana shi a Yulin 1890, watan da ya rasu. Ni dai ban yarda a tsaya nan ba.

Fara duba sama. Shuɗi ne mai duhu, ya yi nauyi kamar hadari ya haɗo, ga alkama ruwan ɗorawa tana ƙyalli a ƙasa. Karon launukan nan biyu shi ke tayar wa mai kallo hankali tun kafin idonsa ya kai kan tsuntsayen. Su kuwa hankakin baƙaƙen layuka ne da aka shafa da sauri, ba ka iya cewa tahowa suke ko tafiya. A ganina wannan rashin tabbas shi ne zuciyar zanen. Ga kuma hanyar tsakiya da ta ɓace cikin gona.

Ana yawan cewa shi ne zanensa na ƙarshe, amma ya yi wasu bayansa. A wasiƙarsa ga ƙaninsa Theo ya ambaci baƙin ciki da kaɗaici a gonakin alkama, ya kuma ambaci lafiya da ƙarfin da karkara ke bayarwa.