Gyaran salansa domin muryar mota ta yi daɗi

Malam, ka tambayi ko cire tukunyar salansa kaɗai zai ba motarka ta tsere mai silinda 8 irin rurin da kake so. Ina ba ka shawara kada ka yi haka, domin ƙara za ta yi yawa ba tare da daɗi ba, kuma a doguwar tafiya, lokacin da inji yake juyawa kusan sau 2,000 a minti, wani gunji zai cika motar har kanka ya yi ciwo.

Gara ka sauya bututu da tukunya daga bayan matatar hayaƙi, wato na'urar da take rage gubar hayaƙin inji, zuwa ƙarshe, ka bar ƙaramar tukunyar tsakiya, wadda take rage gunjin nan. Matatar kuwa kada ka taɓa ta, domin cire ta yakan kunna fitilar gargaɗin inji, kuma doka ta hana a ƙasashe da yawa.

Mahaɗar bututun hayaƙi biyu da suke fitowa daga hagu da daman inji ma tana da tasiri a kan muryar. Mai siffar H tana ba da murya mai kauri, mai siffar X kuwa siririya mai kaifi, kuma ni dai ta H ce ta fi kwanta mini a rai.