Ina iya rubuta kod, amma na wasu ya gagare ni karantawa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a shekara ta biyu. Ina rubuta ƙananan manhajoji da yaren kwamfuta na Python, amma idan na buɗe kod ɗin da wani ya rubuta, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi, sai kaina ya ɗaure. Ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi a Gusau, Jihar Zamfara.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka tuna makarantar allo, inda yaro yake daɗewa yana bin babbaƙu da farfaru a rubutun malaminsa kafin a bar shi ya riƙe alƙalami. A fannin kwamfuta mun juya wannan tsari, muna sa ɗalibi rubutu tun bai iya karatu ba, kuma abin yana damuna ƙwarai. A shekarar 2004 Raymond Lister, mai bincike kan koyar da kwamfuta, da abokan aikinsa sun gwada ɗalibai a ƙasashe 7, suka tarar da yawansu ba sa iya bin gajeren kod su faɗi abin da zai haifar.

Maganin yana cikin takarda da biro, waɗanda ba ruwansu da ɗaukewar wuta. Ka samo kod mai layi goma, ka zana gida a takarda ga kowace ma'ajiyar ƙima da ke cikinsa, wato sunan da kod ke ajiye lamba ko rubutu a ƙarƙashinsa, sannan ka zama kai ne kwamfutar. Idan zagaye, wato umarnin da ke maimaita kansa, yana tara 3 da 7 da 2, ka rubuta jimillar da hannunka a kowane juyi: 0, sai 3, sai 10, sai 12. Ta irin wannan bin layi-layi ne za ka gane cewa Python daga sifili take fara ƙirga, don haka range(5), umarnin da ke jero lambobi biyar, a 4 yake tsayawa. Ka rubuta hasashenka tukuna, sannan ka kunna manhajar, domin wurin da kuka saɓa da kwamfuta shi ne ainihin abin da ba ka fahimta ba. Tsarin koyarwa na PRIMM, wanda Sue Sentance da abokan aikinta suka fito da shi a Ingila, da wannan hasashe yake farawa, sabon rubutu kuwa shi ne matakinsa na ƙarshe.

Babbar manhaja ba a karanta ta daga sama har ƙasa. Ka nemi inda aikinta yake farawa, ka bi hanya guda har ƙarshenta, ka canza layi ɗaya ka ga abin da ya lalace. Idan a GitHub take, wato shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu, ka duba bayanan da marubutanta suka bari a kan kowane gyara, domin sau da yawa a can suke faɗin dalilin da ya sa suka rubuta layin haka.