Amsa ga ƙanena na Tawa mai son koyon tuƙin jirgi

Salamu alaikum ƙanena, na ga saƙonka, barka da cin jarrabawar bak. Ka ce kana son zuwa nan Amurka koyon tuƙin jirgi amma hankalin inna ya tashi tunda ta ji wai ƙananan jirage na karo da juna a sama, kana tambaya ko gaskiya ne. Gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Kuma abin da zai ba ka mamaki yawanci ba cikin hadari ko duhu yake faruwa ba, da rana tsaka ne gari garau, kusa da filin sauka.

Kai ka saba jin filin jirgin Diori Hamani na Yamai inda akwai hasumiya, masu ba da izini na zaune, irin waɗanda EAMAC, makarantar harkar jiragen sama ta Yamai, ke horarwa. To nan galibin ƙananan filaye babu hasumiya ko kaɗan, kowa shi ke faɗin inda yake a rediyo. Kafin a sauka ana zagaya titin jirgi a tsayin ƙafa 1000, wajen mita 300 kenan, juyi ta hagu sai in an ce akasin haka, ka bi gefen titi, ka karya, sannan ka miƙe ka sauka. Wurin miƙewar nan ne matsalar take don kowa idonsa na kan titi. A Watsonville ta Kaliforniya, watan Agusta 2022, ƙaramin jirgi Cessna 152 na zagayensa sai Cessna 340 mai inji biyu ya miƙo kai tsaye da gudu ya cim masa, mutum 3 suka rasu, alhali dukansu suna magana a rediyo. Allah ya jiƙan rai.

Ni kaina ya taɓa rutsawa da ni ina ɗalibi. Ina cikin Cessna 172, fiffikenta a sama yake kamar rumfa, in ka kwanta hagu sai ya rufe maka gefen da za ka. Malamina ya ce ɗan ɗaga fiffike ka duba kafin ka karya, ina ɗagawa wallahi sai ga wani jirgi ƙirar Piper fari, har lambar jikinsa na karanta, shi fiffikensa ƙasa yake don haka bai ganin abin da ke ƙarƙashinsa, kuma ko uffan bai ce ba a rediyo, a irin filin nan doka ma ba ta tilasta masa ba. Muka kauce, muka sake zagaye, gwiwata na rawa har muka sauka. Tun ranar na riƙe abin da malam ya ce, jirgin da ka gani yana tafiya a gilashi zai wuce ka, wanda ya tsaya cak kamar ɗigon ƙuda yana ƙara girma shi ne ke zuwa kanka. Akwai ADS-B mai nuna jirage a allo, yana taimako sosai amma ba kowa ke da shi ba, kar ka sunkuyar da kai kan allon.

Abin da nake so ka fara tun kana Tawa shi ne Ingilishi, mu da muka yi lakkol da Faransanci nan muke shan wuya, suna magana da sauri suna haɗiye kalmomi. Ka shiga LiveATC, shafin da ake jin maganar matuƙa jirgi a rediyo, a wayarka kullum ka saurara, ka zana titi a takarda kana sa alama inda kowane jirgi ya ce yake. Ka gaida inna, ka ce mata ranar Juma'a zan kira in yi mata bayani da bakina.