Waƙa Ɗaya, Faifai Biyu, Sauti Daban

Tambaya: Na gaji wani faifan garmaho daga mahaifina, bugun Ingila na 1972, kwanan nan kuma na sayi sabon bugunsa mai nauyin giram 180, amma tsohon ya fi daɗi a kunnena. Shin son zuciya ne kawai? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ba son zuciya ba ne, malam, domin bambancin yana farawa tun kafin a narka robar faifan. Ana fara sassaƙa waƙa ne a kan wani faranti mai laushi, inda allura take yanka siririyar hanya guda ɗaya daga baki zuwa tsakiya, kuma ƙwararren da ke kan na'urar shi ne yake tsai da ƙarfin sautin da kaurinsa. Idan aka cusa waƙoƙin da suka haura minti ashirin da biyu a fuska ɗaya, dole ya matse hanyar, sai amon ganga ya sirance. Mutum biyu ba sa yanka iri ɗaya, ko da tef ɗaya, wato wanda aka ɗauki waƙar a kansa, aka ba su.

Shi kansa tef ɗin abin dubawa ne. A da, kamfanoni sukan riƙe na asali a gida su aika wa rassansu na waje kwafi, shi ya sa bugun ƙasar da aka ɗauki waƙar yakan fi tsabta. Sababbin bugu da yawa kuwa daga kwamfuta ake yanka su, wanda a ganina ba aibi ba ne muddin an faɗa wa mai saye gaskiya. A 2022 kamfanin Mobile Fidelity na Amurka ya amsa cewa ya daɗe yana bi ta wannan hanya.

Daga farantin nan mai laushi ake fitar da hatimin ƙarfe da ake danna wa roba mai zafi, kuma hatimin yana cinyewa da yawan aiki. Faifanka ya kuma riga tsadar man fetur ta 1973, lokacin da robar faifai, wadda ake samu daga man, ta yi wuya, har wasu masana'antu suka koma narka tsofaffin faifai, abin da ya ƙara hayaniya a sauti.

Nauyin giram 180 yana rage lanƙwashewa, amma ba ya ƙara wa hanyar allura zurfi. Ka ɗauki faifan biyu zuwa bakin taga, ka karkata su ga haske, ka duba filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Za ka ga lambobi da haruffa a karce, wani lokaci har da alamar wanda ya yanka, kuma su ne za su nuna maka asalin kowane bugu.